Kun Tambaya, Mun Amsa: Sana'ar Tsara Kiɗan Fim da na Talabijin

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan abu ɗaya, wato kiɗan da ke raka fim a ƙarƙashin magana, da mutumin da ke tsara shi. Ba waƙar da ake tsayar da labari a yi rawarta muke nufi ba, wannan sana'a ce daban. Masu amsawa mutane ne da ke aikin situdiyo da tace hoto a nan Maradi. Mun taƙaita wasu tambayoyin, mun haɗe masu kama da juna.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina buga fiyano a wani situdiyo, aikinmu waƙoƙin biki da na talla. Yanzu wani darakta ya ba ni fim mai minti 90 in yi masa kiɗan rakiya. Ta ina zan fara? (Wani matashi, unguwar Zariya)

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanenmu. Fara da ɗauke hannu daga fiyano. A waƙar biki kai ne a gaba. A fim kuwa kai ɗan amshi ne, labari ke jan baki kana karɓa, kuma ɗan amshin da muryarsa ta danne ta ubangidansa ba ya daɗewa a ƙungiya.

Kada ka karɓi fim ɗin da ba a gama yankawa ba. Tambayi edita ko an rufe yanka. In ya ce saura kaɗan, ka jira, domin daƙiƙa 3 da za a cire daga tsakiyar fitowa sun isa su rusa lissafin kiɗanka. Ka ce a ba ka kwafi mai agogo a jikin hoton, wanda ke nuna awa da minti da daƙiƙa da firem (wato hoto guda cikin hotunan da ke wucewa a jere a kowace daƙiƙa), magana kuma tana kan layinta daban.

Daga nan sai zama da darakta, kuma wannan zaman shi ne rabin aikin. Ku kalli fim ɗin daga farko zuwa ƙarshe, babu kiɗa ko kaɗan, kana riƙe da takarda. Duk inda kuka yarda kiɗa zai shiga, rubuta abu huɗu: lokacin shiga, lokacin fita, abin da ke faruwa, da abin da darakta ke so mai kallo ya ji a ransa. Kada ka tambaye shi wane irin kiɗa yake so, zai ce maka "irin na fim kaza", ka shiga kwaikwayo. Tambaye shi: a nan tausayin wa kake so a ji, na uwar ko na ɗiyar? Amsar wannan ce ke gaya maka inda za ka shiga. Kuma ku rubuta wuraren da za a bar shiru. Babbar cutar finafinanmu ita ce kiɗan da ba ya numfashi, daga sunayen farko har na ƙarshe fiyano na kuka. Kunne na gajiya, bayan minti 10 ya daina jin kiɗan, sai ranar da aka zo wurin mutuwa a rasa abin da za a taɓa zuciya da shi. A fim mai minti 90, minti 30 zuwa 40 na kiɗa sun wadatar.

Kafin ka taɓa fitowa ko ɗaya, tsara take. Makaɗanmu sun daɗe da sanin wannan, ɗan kokowa ko basarake yana da takensa, ana bugawa an san wa ake nufi. Ka yi wa manyan mutanen labarin uku ko huɗu haka, gajeren sauti da yaro zai iya fito da shi bayan ji biyu. John Williams da sauti biyu kacal ya tsorata duniya a fim ɗin Jaws na 1975, na kifin nan mai cin mutane. Gwanintar tana wurin juya taken: a hankali da sarewa ranar baƙin ciki, da sauri da ganga ranar biki, rabinsa kawai in mutumin yana ɓoye wani abu.

Sai lissafi. A ce daga shigowar amarya ɗaki zuwa rufe ƙofa daƙiƙa 48 ne, kana so taken ya ƙare daidai da rufe ƙofar. In taken yana da bugu 64, wato gaɓa 16 mai bugu hurhuɗu, raba 64 da 48, ka ninka da 60. Ka samu bugu 80 a minti, shi za ka sa wa manhajarka. In ka ɗaga zuwa 81, kiɗan zai riga ƙofar da fiye da rabin daƙiƙa, kusan firem 15, kuma ido yana kama hakan. Kuskuren firem ɗaya ko biyu ne kawai ke wucewa. Manhajojin haɗa kiɗa irin su Cubase da Reaper suna buɗe hoto a cikinsu, FL Studio ma yana da wurin kallon hoto, saboda haka babu dalilin yin aiki da ka.

Ka nuna wa darakta samfurin fitowa uku kafin ka yi nisa. Mutum ɗaya da ke tsarawa, yana bugawa, yana gauraya sauti, in ya gama minti 2 masu kyau a yini ya yi ƙoƙari. Kenan minti 35 aikin kusan mako uku ne, ban da gyara da ɗauke kuran. In an ce maka kwana 4, faɗi gaskiya tun yanzu.

Tambaya: Ɗana ya ci jarrabawar bak ta kammala sakandare, ya ce shi kiɗan fim zai yi. Mu gidanmu babu makaɗi. Shin wannan sana'a ce da mutum zai riƙe iyali da ita, ko roƙo ne aka sauya wa suna? (Wani dattijo, Tibiri)

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. Ba roƙo ba ne. Maroƙi yana wasa mutum a ba shi abin da aka ga dama. Mai tsara kiɗan fim ana yin jinga da shi, ya yi aiki a ɗaki shi da na'ura, ya miƙa, a biya shi, sau da yawa masu kallo ba su ma san fuskarsa ba. Amma ba za mu ɓoye muku ba, kuɗinta ba na wata-wata ba ne, kuma ba a fara ta daga sama. Rayuwar waɗanda suka yi suna a cikinta ta isa shaida.

A. R. Rahman na Indiya, wanda masu kallon finafinan Indiya a ƙasar Hausa suka san kiɗansa, an haife shi a Madras a 1967. Mahaifinsa, R. K. Shekhar, makaɗin fim ne, ya rasu yaron yana shekara 9, gidan ya koma ci da hayar kayan kiɗan mamacin. Tun yana yaro ya shiga buga fiyano a ƙarƙashin manyan makaɗan fim, ciki har da Ilaiyaraaja, daga nan ya shafe shekaru yana kiɗan talla. Sai 1992 darakta Mani Ratnam ya ba shi fim ɗinsa na farko, Oscar guda biyu kuwa, wato babbar kyautar fim ta Amurka, sai 2009.

Ennio Morricone na Italiya, 1928 zuwa 2020, ɗan mai busa ƙaho ne a birnin Rum. Ya yi karatun busa da na tsara kiɗa a makarantar Santa Cecilia, ya yi shekaru yana shirya wa gidan rediyo da mawaƙa kiɗa, har yana rubuta wa wasu kiɗan fim sunansu ne ke fitowa. Sunansa ya fara fitowa a kan fim a 1961. Da darakta Sergio Leone ya kira shi aikin finafinan kaboyi a 1964, kuɗin hayar babbar ƙungiyar makaɗa bai samu ba, sai ya yi amfani da fito, da karar bulala, da jita, da muryar mutum, abin da ya zama tambarinsa. Ya yi kiɗan fim da talabijin sama da 400, amma Oscar ta gasa ba ta zo hannunsa ba sai 2016, yana da shekara 87.

A nan gida akwai Mamman Sani. Ma'aikaci ne, ya sayi fiyanon lantarki ƙirar Orla ta Italiya, ya riƙa juya sautukan gargajiyar Nijar a kanta. A 1978 aka ɗauki kasetinsa a gidan rediyon ƙasa. Shekara da shekaru kiɗansa ne ke cike tsakanin shirye-shirye a rediyo da talabijin, dubban mutane sun haddace shi ba su san mai shi ba. Sai 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi, duniya ta ji.

Ku lura, Baba, dukkansu sun yi shekaru a ƙarƙashin wani ko a ƙaramin aiki, na ukun kuma yana da albashinsa a gefe. Shawararmu yaron ya ci gaba da jami'a, ya riƙa zuwa situdiyo da yamma. Ya koyi fiyano sosai, ya koyi karanta rubutun kiɗa, ya koyi Faransanci da Turancin da zai karanta takardar yarjejeniya. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Taya, in hali ya yi. Abincin farko a wannan sana'a yana fitowa daga tallan rediyo, taken shirye-shirye, wasan kwaikwayon faɗakarwa da finafinan ƙungiyoyi. In bayan shekara biyu ana kiransa ba shi ke bin mutane ba, to ya samu hanya.

Tambaya: Ni edita ne. Mai kiɗa ya aiko mini aiki, farkon fim ya zauna daidai, amma kafin a kai tsakiya kiɗan ya riga hoto. Ya rantse a wurinsa daidai yake. Laifin wa? (Wani edita, Ali Ɗan Sofo)

Amsa: Ɗan'uwa, mai yiwuwa ku duka kuna da gaskiya, na'urorinku ne ba su yi magana ɗaya ba. Duba abu uku.

Sautin fim ana aikinsa a kan 48 kHz, wato na'ura na ɗaukar awon sautin sau dubu 48 a daƙiƙa, situdiyon waƙa kuwa yawanci sun saba da 44.1 kHz, ma'aunin faifan CD. In manhaja ta karanta fayil na 44.1 a matsayin 48 ba ta juya shi ba, zai yi gudu da kusan kashi 9 cikin 100. Kiɗan minti ɗaya ya koma kamar daƙiƙa 55, muryarsa kuma ta tashi sama. Alamarsa ke nan: in sarewa ta yi siriri fiye da yadda ka ji ta a situdiyo, ga ɓarawonka.

In murya ba ta sauya sosai ba amma ratar tana ƙaruwa sannu a hankali, duba adadin firem. Talabijin ɗinmu firem 25 ne a daƙiƙa, silima 24. In kai kana kan ɗaya, kwafin da ka ba shi ya fita a kan ɗayan, bambancin kashi 4 cikin 100 ne, kusan daƙiƙa 2 da rabi a kowane minti. Mafi muni shi ne hoton da aka ɗauka da wayar hannu, domin waya tana sauya adadin firem tana cikin ɗauka, musamman a wuri mai duhu. Irin wannan sai an juya shi zuwa tsayayyen 25 kafin a fara yanka.

Na ukun WhatsApp ne. Hoton da aka tura ta nan a matsayin bidiyo ana matse shi, MP3 kuma yana ƙara ɗan guntun shiru a farkon fayil. Ku yi musayar aiki a kan filash, ko a tura shi a matsayin takarda (document), sauti kuma ya zama WAV, wato fayil ɗin da ba a matse ba, 48 kHz, bit 24.

Maganin rigima nan gaba: ka sa ɗan ƙara mai tsawon firem ɗaya, daƙiƙa 2 cif kafin hoton farko, wani kuma bayan hoton ƙarshe. Shi ma ya bar su a cikin fayil ɗinsa. In na farko ya hau na farko, na ƙarshe ya hau na ƙarshe, an gama magana.

Tambaya: Muna da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta mata, ana sa mu a rediyo da tele. Masu saurare na ƙorafin kiɗa na hana su jin magana, alhali a situdiyo lafiya lau muke ji. (Wata malama, Sabon Gari)

Amsa: Malama, a situdiyo kun riga kun san abin da za a faɗa, shi ya sa kuke ji. Ga manyan sifiku, ga shiru. Mai saurarenku tana tsakar gida da ƙaramar waya, ga yara, ga turmi.

Ƙaramar sifikar waya ba ta fitar da sauti mai kauri. Abin da take fitarwa da ƙarfi shi ne tsakiya, tsakanin mai kauri da siriri, daga wajen 1 zuwa 4 kHz, kuma nan ne baƙaƙen magana suke zaune, su "s" da "k" da "t" da ke bambanta kalma da kalma. Sarewa, goge, algaita da saman fiyano duk nan suke. Ga kuma Hausa harshe ne mai karin sauti, hawa da saukar murya na cikin ma'ana, saboda haka kiɗa mai hawa da sauka a daidai muryar mai magana yana rikita kunne ko da ba shi da ƙarfi.

Ku gaya wa mai kiɗanku: in ana magana, ya riƙe dogon sauti mai kauri wanda ba ya yawan motsi, ya ajiye taken sai an yi shiru ko ana sauya fitowa. Kiɗa ya zauna ƙasa da magana da dB 15 zuwa 20 (dB shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), a kuma rage masa dB 3 ko 4 a wajen 2 zuwa 3 kHz. Waƙa mai kalmomi kada ta shiga ƙarƙashin magana sam. Ma'aunin da gidajen talabijin na Turai suka tsayar wa ƙarfin sautin shiri shi ne -23 LUFS, YouTube kuwa yana daidaitawa a wajen -14, don haka a fitar da kwafi biyu. Kafin ku miƙa, ku kunna wa wadda ba ta san wasan ba a waya, a waje, ku ce ta maimaita abin da ta ji.

Tambaya: Ina shirya fim a kan tarihin kafuwar Maradi, ina so in yi amfani da kayan kiɗanmu na gargajiya maimakon fiyano. Me zan kiyaye? (Wani ɗalibi, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo)

Amsa: Madalla da wannan niyya, ƙanenmu. Abin da za ka fara kiyayewa ba na na'ura ba ne. Kayan kiɗanmu kowanne yana da gidansa, kuma mai kallo ya san gidan. Kakaki da tambari na sarauta ne, algaita ma can ta fi zama. Kalangu asalinsa na mahauta ne kafin ya zama na kowa, dundufa ta maƙera, garaya ta maharba, shantu na mata a cikin gida. Goge da garaya in aka buga su a wani salo, duk wanda ya tashi a Maradi ko Gobir zai ce bori ake yi. Ka sa kakaki a fitowar talaka don kawai sautin ya yi maka daɗi, ka naɗa shi sarauta ba ka sani ba. Ana iya yin hakan da gangan, don ba'a ko don nuna burin mutum, amma ya zama ka san abin da kake yi.

Kalangu kuma yana magana. In ka ce wa makaɗi "buga wani abu mai zafi", hannunsa zai tafi ga abin da ya saba, wataƙila taken wani basarake ko wani ɗan kokowa mai rai. Sai ka ɗora shi a kan azzalumin fim ɗinka, ka jawo wa kanka ƙara. Bayan kowace ɗauka ka tambaye shi: Malam, me gangar ta ce? A fim ɗin da ya shafi gidan Katsina na Maradi da na Gobir a Tibiri, ka nemi makaɗan fada ta hanyar da ta dace, ka tambayi wane take ne na wa, kada ka musanya.

Wajen ɗauka, kuskuren da aka fi yi shi ne a shimfiɗa fiyano tukuna, sannan a kira mai goge a ce ya hau. Gogensa ba a kan ma'aunin fiyano aka ɗaure shi ba, yawancin sautukanmu biyar ne a tsani, kuma tazararsu ba lallai ta zo daidai da ta Turawa ba. Sakamakon shi ne a ji kamar yana kuskure, sai a sa manhajar gyaran murya ta miƙe shi, ta kashe ɗan lanƙwasar da ta sa aka kira shi. A juya tsarin: ɗauki mai goge ko mai gurmi da farko, sannan ka ɗaga ko ka sauke fiyanon ya same shi, ka riƙe sauti ɗaya ko biyu a ƙarƙashinsa. Kada ka ɗaura masa ƙarar ƙidayar bugu a kunne in bai saba ba. Nuna masa hoton sau biyu, gaya masa labarin, ka ɗauka sau uku ko huɗu, ka zaɓa.

Fata tana bin yanayi. Da hunturu tana ɗamewa murya ta hau, da damina tana saki. Abin da ka ɗauka da safe ba zai zo daidai da na la'asar ba, don haka duk abin da za a haɗa wuri ɗaya a ɗauke shi a zama ɗaya. Makirfo ya yi nisan santimita 30 zuwa 40 daga kalangu. Algaita da kakaki a ba su mita ɗaya ko fiye, kuma kada bakinsu ya kalli makirfo kai tsaye. Mafi ƙarfin bugu kada ya wuce -10 dB a ma'auni, domin makaɗi in ya yi zafi yana ƙara ƙarfi, sautin da ya fashe kuma ba ya gyaruwa.

Ɗaki mai siminti da rufin kwano yana amsa kuwwa. Jingina katifu a bango, rataya barguna, shimfiɗa darduma. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ado ne kawai. Kashe fanka, a ɗauka da batir in zai yiwu, saboda wutarmu mai 50 Hz ce, wayar lantarki marar kyau tana shigar da gurnaninta cikin sauti, janareta kuma ya fi. Lokaci mafi shiru a gari shi ne bayan isha'i sosai, in kabu-kabu sun ragu.

Tambaya: Na zuba kuɗi a fim mai dogon zango. Yara sun ce in biya mai kiɗa, ni kuma na ga kowa kiɗan Indiya da na Turawa yake ɗorawa kyauta. Me zai sa in ƙara kashe kuɗi? In kuma zan biya, yaya ake yi? (Wani ɗan kasuwa, Babbar Kasuwa)

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. A zamanin kaset da CD an yi hakan an kwana lafiya, domin mai kiɗan bai san ana yi ba. Yanzu kasuwar fim mai dogon zango YouTube ce, kuma YouTube yana da tsarin Content ID da ke sauraren duk abin da aka ɗora yana gwada shi da kayan masu haƙƙi. In ya kama, mai haƙƙin yana iya karɓe kuɗin tallan wannan kashi, ko ya toshe shi. In kuma aka kai ƙarar cire bidiyo har gargaɗi uku suka taru, ana iya rufe tashar da duk abin da ke cikinta. Kun biya ƴan wasa, kun biya kyamara, kuɗin ya tafi Mumbai. Manyan tashoshin talabijin da bukukuwan fim irin FESPACO na Wagadugu su ma suna so a nuna musu cewa kiɗan na halal ne. Nijar tana cikin yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mawallafa a duniya, da ƙungiyar OAPI ta kare haƙƙin fasaha a Afirka, kuma a ƙa'idar Berne haƙƙi yana tabbata ne tun ranar da aka ƙirƙiri abu, ko an yi rajista ko ba a yi ba.

Ga fim mai dogon zango akwai hanya mai sauƙin kuɗi. Maimakon a yi wa kowane kashi sabon kiɗa, mai kiɗa ya yi taken buɗewa na daƙiƙa 30 zuwa 45, da na rufewa, da rumbun guntaye 30 zuwa 40: na fargaba, na baƙin ciki, na barkwanci, na sauya wuri masu daƙiƙa 3 zuwa 5. Kowanne a miƙa shi a rarrabe, ganguna daban, masu tsirkiya daban, busa daban, yadda edita zai iya cire ganga ya bar sarewa. Sabon kiɗa sai a manyan fitowa.

Ku rubuta takarda ko da shafi ɗaya ce, da shaidu biyu. A faɗi minti nawa na kiɗa, kashi nawa na fim, ranar miƙawa, da gyara sau nawa ke cikin kuɗin. Sau biyu ya isa, na uku a sake ciniki, haka ma in an sake yanka hoto bayan an rufe. Biya kashi uku ya fi zaman lafiya: kafin alƙalami, bayan an amince da samfuri, da ranar miƙa aiki. A faɗi inda za a yi amfani da kiɗan, wannan fim kaɗai ko har da wasu, da wanda ke da ikon sa shi a intanet shi kaɗai. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, don in mai kiɗa ya ba kamfanin rarraba waƙoƙi kiɗan ba a sanar da ku ba, Content ID zai kama fim ɗinku da kiɗan da kuka biya. Sunansa ya fito a rubuce a fim. In aikin ya haɗa da mutanen Katsina ko Kano, a rubuta da wane kuɗi za a biya. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane yuro ɗaya, naira kuwa tana hawa tana sauka, jingar wata uku tana iya zama rigima.

Shi kuma mai kiɗa ya yi rajistar ayyukansa a BNDA, ofishin kare haƙƙin mawallafa na Nijar, ya kuma haɗa wa kowane kashi takardar jerin kiɗa: sunan guntu, minti da daƙiƙar da ya shiga, tsawonsa, da wanda ya tsara. Da irin wannan takarda ake gane rabon kowa in tasha ta biya kuɗin watsawa. Mai kalangu ko mai gogen da aka kira shi ma a biya shi a ranar, a karanta masa abin da aka rubuta da Hausa a gaban shaida, ya sa hannu ko ya dangwala cewa ya yarda a yi amfani da bugunsa a wannan fim. In taken da ya buga nasa ne ko na gidansu, a rubuta sunansa a jerin a matsayin mai shi.